Barcin da Na Yi a Wikki

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya dare ya zama sutura, Ya sanya barci ya zama hutu ga bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammad, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 Yau ba darasin fiƙihu na zo da shi ba. Labarin wata tafiya ce da na yi a watan Janairun 2025, wadda na daɗe ina jin nauyin ba da ita, domin a garinmu idan malamin Islamiyya ya ce ya tafi wurin shaƙatawa ya kwana uku a otal, kallon da za a yi masa ma ya ishe shi. Sai dai na ga cewa abin da na koya a kwana ukun nan ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Yadda Tafiyar Ta Samo Asali

Ina karantarwa a wata makarantar Islamiyya a Sabon Birni. Mahaifiyata mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Isa, amma shekaru ke nan tana zaune tare da mu a cikin gari, saboda dalilin da duk mai sauraren rediyo ya sani. Ina da wani aboki da muka yi karatu tare a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda aiki ya kai shi Bauci. Da aka yi masa haihuwa na je suna, kwana biyu a hanya: Goronyo, Sakkwato, Gusau, Funtuwa, Zariya, Kano, sannan Bauci ta Ningi. Bayan an watse ya dube ni da kyau ya ce, "Malam, yaushe rabonka da madubi? Idanunka sun faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya." Na ce masa gajiyar hanya ce. Ya ce bai yarda ba, kuma gobe Yankari za mu, ya riga ya kama mana ɗaki.

Na yi ta kawo uzuri. Na ce wurin Turawa ne da masu kuɗi. Na ce ina da ɗalibai suna jira. Da na ji kuɗin ɗakin na kwana ɗaya kuwa, sai na lissafa shi da mudun gero, na ce wannan ai almubazzaranci ne. Shi kuma ya tuna mini ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i da ke cikin Bukhari, inda Salman ya hana ɗan'uwansa tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, ya nuna masa cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa kamar yadda Ubangijinsa ke da shi, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata Salman. Ya ce, "Kai ka karantar da mu wannan a masallacin makaranta. Ko hadisin na ɗalibai ne kawai?" Ban sami amsa ba, na shiga mota.

Wane Irin Wuri Ne?

Ga wanda bai sani ba, irin waɗannan masaukai tsohuwar al'ada ce a duniya. A Ingila da Faransa akan ɗauki tsohon gidan wani basarake da ke bayan gari, mai lambu da fili, a mayar da shi otal, a sa masa wuraren wanka da ruwan ɗumi, da ɗakin surace, da masu tausa, mutum ya biya ya je ya huta nesa da hayaniyar birni. Sunan da Turawa ke kiran irin wannan wanka ma daga wani gari ya samo asali, wato Spa na ƙasar Beljiyam, wanda ya shahara da maɓuɓɓugan ruwa. Mu ma Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan. Biranen Sham da Misira da Andalus sun cika da gidajen wanka da ake kira hammam, har Imam Gazali ya yi bayanin ladubban shigarsu a cikin Ihya'u, ya yi maganar rufe al'aura, ya kuma ce zafin wurin ya riƙa tuna wa mutum zafin wuta. A arewa da mu kuma, kusa da Agadas, akwai ruwan zafi na Tafadek da mutane ke zuwa neman sauƙin ciwon gaɓɓai.

Namu na kusa shi ne Wikki, a tsakiyar gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauci a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Daga Bauci za ka bi hanyar Gombe, ka karkata a Dindima har ƙofar shiga da ke Mainamaji, daga nan kuma sai ka yi tafiyar kilomita arba'in da wani abu a cikin daji kafin ka isa masaukin.

Wannan tafiya ta cikin daji ita ta fara tona mini asiri. Mu a wajenmu, kalmar daji ta canza ma'ana. Da wurin itace ne da kiwo da farauta. Yanzu idan aka ce "an shiga da shi daji", kowa ya san sai dai a fara haɗa kuɗi. Wanda ya san dajin Gundumi ya san abin da nake faɗi. To ga ni a mota, itatuwa dama da hagu, babu gida babu gona, abokina yana nuna mini gwanki yana murna, ni kuwa idona na kan kowace kwana, ina jiran in ga babura sun fito. Mutane na biyan kuɗi su shiga abin da mu muke biyan kuɗi a fito da mu daga cikinsa.

Daren Farko

Masaukin yana da kyau daidai gwargwado: ɗakuna a warwatse a ƙarƙashin itatuwa, da wurin cin abinci, da ɗan gidan tarihi inda aka ajiye hauren giwa da fatu da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta. Gwaggon biri na yawo a tsakar wurin kamar shi ya gina shi, gadu kuma na kiwo a bakin ƙofa ba ya ko ɗaga kai. Aka gargaɗe mu kada mu bar ƙofa a buɗe ko mu riƙe leda a fili.

Bayan isha'i abokina ya sa kayan barci ya miƙe. Ni kuwa na kwanta da rigata da wandona, na ajiye takalmi a daidai inda ƙafata za ta sauka, na sa waya da tocila da katin shaida a aljihu. Ban ma san na yi haka ba, domin shekara biyar ke nan haka nake kwana. Can tsakar dare wani abu ya dira a kan rufin ɗakin da ƙarfi. Kafin in gama farkawa na tsinci kaina a tsugune a bayan ƙofa, takalmi a ƙafa, ina kiran sunan ɗiyata a hankali, ina lalube a ƙasa in ɗauke ta. Abokina ya kunna fitila. Da farko ya fara dariya, ya ce, "Malam, biri ne fa." Da ya ga takalmin a ƙafata sai dariyar ta tsaya. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Kullum haka kuke kwana?" Na ce masa, "Wannan ai daren lafiya ne."

Ban koma barci ba. Na zauna ina tuno abubuwan da suka koya wa jikina wannan ɗabi'a. Watan Mayun 2020, da aka kashe mutane fiye da saba'in a ƙauyukan Sabon Birni a yini guda. Watan Satumban 2021, da aka rufe layukan waya, sai mutum ya nemi tudu ko ya doshi iyaka ya kama layin Nijar kafin ya ji ko 'yan'uwansa na raye. Watan Disamban wannan shekarar, da aka ƙone matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. Watan Agustan 2024, da Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, Allah Ya jiƙansa da rahama. Da dangin da suka tsallaka ƙasar Maraɗi gudun hijira, har 'ya'yansu suka fara ƙirga kuɗi da sefa. Duk wannan na ɗauko shi na zo da shi ɗakin da aka biya don in huta.

Ruwan

Da muka yi sallar asuba na ce wa abokina zan gangara ruwan tun kafin jama'a su fito. Dalilina a fili yake: wuri ne da maza da mata ke zuwa, kowa da irin tarbiyyarsa, kuma wanda ke son ya tsare idonsa da al'aurarsa sai ya zaɓi lokacinsa. Na sa dogon wando mai kauri da ya rufe cibiya zuwa gwiwa, na bi matakalar da ke sauka zuwa kwarin.

Ruwan yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani dutse mai tsayi, ya miƙe kamar tsawon mita ɗari biyu tsakanin itatuwa kafin ya nufi kogin Gaji. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina, kuma abin da yake fitarwa a yini ya kai lita miliyan 21. Babu injin da ke ɗumama shi, babu mai hura masa wuta. Garau yake, kana hango farin yashin da ke ƙasa da yatsun ƙafarka. Da yake lokacin hunturu ne, wani siririn tururi na tashi a kansa. Na tuna matan unguwarmu da ke bin layin tuƙa-tuƙa da jarka tun duhun asuba, ga kuma wannan yana kwarara shekara da shekaru ko akwai mai kallo ko babu.

Na yi bisimilla na shiga har wuya. Mai karatu, ban san yadda zan kwatanta maka ba, sai dai in ce a lokacin ne na gane cewa kafaɗuna sun yi shekaru a ɗage. Da ɗumin ya ratsa su suka sauka, sai na ji ciwo a inda ban san akwai ciwo ba. Na tuna Annabi Ayyuba (AS), wanda Allah Ya ba da labarinsa a Suratu Sad, cewa bayan doguwar jarrabawa an umarce shi ya buga ƙasa da ƙafarsa, ruwa ya ɓuɓɓugo na wanka da na sha. Allah mai iko ne Ya warkar da shi da kalma ɗaya, amma sai Ya bi da shi ta hanyar ruwan da zai taɓa fatarsa. Ban san lokacin da hawaye ya fara zubo mini ba. Na gode Allah da babu kowa a wurin sai tsuntsaye.

Da rana muka shiga motar zagaya daji, muka ga ɓauna da gwambaza da kada a bakin Gaji, muka ga sawun giwa da kashinta amma ba mu ga ita kanta ba. Ma'aikacin da ya raka mu yana rataye da bindiga. Da na tambaye shi, ya ce akwai abokan aikinsu da suka rasa rayukansu a hannun mafarauta. Nan na fahimci cewa kwanciyar hankalin wannan wuri ma ba daga sama ta faɗo ba. Akwai waɗanda ke kwana a farke domin baƙo ya yi barci.

Dare Na Biyu

A daren nan abokina ya ɗauke takalmina ya sa a cikin jakarsa, ya ce, "Yau ni ne mai gadi." Na kwanta bayan isha'i da niyyar in ɗan rintsa. Abin da na sani kawai shi ne na buɗe ido na ga hasken rana a bango. Na yi zumbur ina salati. Ya ce, "Wallahi Malam sau uku ina girgiza ka, kana amsawa kana komawa." Ni da nake tsawata wa samari a kan sallar asuba, ga ni na sallace ta bayan fitowar rana.

Na yi alwala na rama, zuciyata a dagule. Daga baya na tuna abin da Muslim ya ruwaito na dawowar Manzon Allah (SAW) daga Khaibar, lokacin da aka bar Bilal ya tsare musu ketowar alfijir, shi ma barci ya ɗauke shi yana jingine da raƙumarsa, ba wanda ya farka sai da rana ta taɓa su. Ba a yi wa Bilal horo ba. An matsa gaba, aka yi alwala, aka yi salla. Wannan ba lasisi ba ne ga mai kwana yana latsa waya har ƙarfe biyu, domin shi ya kira barcin asubarsa da hannunsa. Amma wanda barci ya rinjaya ba da sakacinsa ba, kaffararsa ita ce ya yi sallar idan ya farka.

Sai kuma wani abu ya faɗo mini wanda na sha karantawa a tafsiri ban taɓa ɗanɗana shi ba. A wurare biyu, a Suratul Anfal game da Badar da kuma Suratu Ali Imrana game da Uhudu, Allah Ya ambaci gyangyaɗin da Ya saukar wa muminai, Ya kira shi aminci daga gare Shi. Da ina mamakin yadda gyangyaɗi zai zama kyauta a fagen yaƙi. A Wikki na gane. Mai tsoro ba ya barci, sai dai ya suma don gajiya. Barci na gaskiya shaida ce da jiki ke bayarwa cewa zuciya ta aminta. Ashe abin da wannan masauki ya sayar mini ba gado ba ne, ba kuma ruwan ɗumi ba. Dare ɗaya ne da babu abin saurare a cikinsa.

Maganar Inna

Da na gane haka sai wani nauyi ya danne ni. Ni na yi barcin awa goma, alhali Inna da maiɗakina da 'ya'yana sun kwana da kunne ɗaya a buɗe. Na nemi inda waya ke kamawa na kira gida. Bayan gaisuwa na fara ba Inna labarin birai da ruwan da ba ya hucewa, ina kewaye-kewaye. Ta katse ni ta ce, "Bar wanga zance. Ka samu kwana?" Na ce, "Na samu, Inna, har na makara." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To alhamdu lillahi. Ko ɗaya cikinmu ya samu, mun samu."

Na yi karatun Larabci, na yi na jami'a, amma ban taɓa jin sharhin godiya da ya kai wannan ba. Ni ina ganin ni'imar da na samu kamar sata ce na yi wa iyalina. Ita kuwa tana ganin ta rabo ne da ya shigo gidan ta ƙofata. Jin kunyar ni'ima ba shi ne godiya ba. Lokacin da Manzon Allah (SAW) da Abubakar da Umar suka fito saboda yunwa, wani mutumin Madina ya saukar da su a inuwar gonarsa ya kawo musu dabino da ruwan sanyi, ba su ƙi ci ba. Sun ci sun ƙoshi, sannan ya sanar da su cewa wannan yana cikin ni'imar da za a tambaye su a kanta ranar ƙiyama. Ba a hana mu inuwa da ruwa ba. An dai ce za a tambaye mu me muka yi bayan mun sha.

Abin da Na Dawo da Shi

Ga 'yan'uwana matasa da Allah Ya hore wa zuwa irin waɗannan wurare, a Yankari ne ko a wata ƙasa: ku je, halal ne, matuƙar da kuɗinku ne ba bashi ba, ba kuma haƙƙin iyaye ko na iyali kuka tauye ba. Ku tsare salla da al'aura da ido. Kuma kafin ku ɗora hoton gado da farantin abinci a Facebook, ku tuna cewa cikin masu kallo akwai wanda ya kwana a kan rufin ɗaki ko a cikin gero. Wanda kuma bai taɓa taka ƙofar otal ba, amma yana tuɓe riga ya kwanta a ɗakinsa, ya rufe ido bai san inda takalminsa yake ba har asuba, to ya sani kullum yana kwana a cikin abin da ni sai da na yi tafiyar kwana biyu na same shi. Ba banza ba Allah Ya haɗa ƙoshi da aminci daga tsoro a Suratu Ƙuraish, a matsayin dalilin bauta maSa.

Ni kuma ga tawa amsar, gwargwadon ƙarfina. A ajina akwai yara da yawa 'yan gudun hijira. Shekaru ina fama da masu gyangyaɗi a kan allo da littafi, ina ɗaukar abin lalaci ne, kuma ba zan ɓoye ba, na sha sa musu bulala. Ranar da na koma aji na ga wani yaro ɗan shekara tara kansa na rangaji a kan Ahalari. Na ɗaga hannu kamar yadda na saba, sai na tuna kaina a tsugune a bayan ƙofa da takalmi a ƙafa. Na tambaye shi a ina ya kwana jiya. Ya ce sun ji harbi, suka fita bayan gari, sai da gari ya waye suka dawo. Wato duk faɗin duniyar nan, ajin nan ne kaɗai inda jikinsa ya yarda ya saki, ni kuma ina dukansa a kan haka.

Tun daga ranar na shimfiɗa tabarma biyu a bayan aji, ɗaya ɓangaren maza, ɗaya ɓangaren mata. Duk wanda barci ya rinjaya ya je ya kwanta, idan ya tashi in maimaita masa karatunsa. Wasu iyaye sun yi ƙorafi, wani abokin aikina ya ce zan lalata yara. Wataƙila akwai mai fakewa da abin ya yi lalacinsa. Na yarda a cuce ni ta wannan ɓangaren. Abin da na gani shi ne haddar waɗanda ke kwanciyar ta fi ta da, kuma ba sa ƙara firgita idan na matso kusa da su.

Ina roƙon Allah Ya yafe mini bulalar da na yi a kan jahilci. Ya Allah Ka mayar wa ƙasar Gobir da sauran ƙasashen Musulmi da zaman lafiya, Ka mayar da masu gudun hijira gidajensu, Ka kuɓutar da waɗanda ke tsare a daji, Ka shiryi masu shiryuwa cikin waɗanda suka hana mu barci, Ka isar mana ga sauran. Wanda ya karanta wannan, idan ya kwanta yau da dare, ya sa mu a addu'a kafin ya rufe ido.